Furar Yaya Hassu da ɓerayen Rabi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Hassu, mai fura a tashar Gazawa. Har yau in na ji ƙarar ludayi a ƙwarya sai na waiga.

Mace ce mai ƙarfi da raha. Direbobin garin Agiye kan riƙe yunwarsu har su iso wurinta. Wata shekara taifot ya riƙa kama masu shan furarta. Likita a Maradi ya auna ta, ya ce ƙwayar cutar na zaune a matsarmamarta, tana fita tana kama wasu, ita kuwa lafiya lau. Ta ce, "Ni da ko ciwon kai ban sani ba?" Amma ranar ta kife ƙwarya. Ta sha magani, ta koma saƙar tabarma, ba ta sake dama wa kowa ba.

Maganar gari ce ta ci ta. Aka ce ta sani ta ɓoye. Malam Idi direba, wanda ɗansa ya sha jinya, bai sake gaishe ta ba har ta rasu.

Ɗiyarta Rabi ta yi lakol, karatun boko mai zurfi, yanzu a kan wannan cuta take bincike. Ita da abokan aikinta suna kiwon fararen ɓeraye, su sa musu ƙwayar, su zuba ido wata da watanni don gano inda take laɓewa. Da Hassu na nan da ta ce, "Ke Rabi, duk karatun nan a kan kusu ya ƙare?" Sannan ta bi gida gida tana alfahari.

Bana da Sallah Rabi ta nuna wa mutanen tasha ɓerayen a waya. Suna ci, suna tsalle, gashi sumul.

Malam Idi ya ce, "Ɗiyata, wanne ne marar lafiyar?"

"Dukansu na ɗauke da ita, Baba."

"To sun sani?"

"Ta ina za su sani?"

Ya daɗe yana kallo.

Hassu ba ta bar gida ko gona ba. Ɗiya ta bari, da baƙin sunan da na zaci ba zai wanku ba. Washegari sai ga Malam Idi, ya ce in kai shi kabarinta. Ya yi addu'a mai tsawo, yana share ido. Da muka juyo ya ce, "Wallahi ƙanena, fushin nan ni ya cuta. Tun da ta kife ƙwarya ban iya shan furar kowa ba, kullum da yunwa nake wuce Gazawa."

Muka yi ta dariya a bakin maƙabarta, Allah ya yafe mana. Ita kuwa Allah ya kai haske kabarinta.