Kawu Inuwa da Kogin Nilu

Duk wanda ya yi aiki da Kawu Inuwa a kamfanin fata na Challawa ya sani, bai taɓa yarda akwai ɗan Adam da ba ya jin Hausa ba. A wajensa matsalar ta murya ce kawai. Injiniya ɗan Indiya zai zo yana ta yarensa, Kawu ya dafa kafaɗarsa ya kwatsa masa, "BEL NE YA TSINKE!" In bawan Allah ya yi zuru, sai ya ƙara murya, ya juyo ya ce mana, "Ya kusa ganewa." Abin haushin kuma, sai ka ga sun gyara injin tare.

To da wannan halin na raka shi Umra. Ni ne Habibu, ɗan ƙanwarsa, mai aiki a kamfanin roba a Sharaɗa. 'Yarsa ce ta biya mana, ta ja ni gefe ta ce, "Yaya Habibu, don Allah kada ka bar shi ya yi nisa da kai." Na ce haba, ai ƙaramin aiki ne. Allah sarki ni!

Kun san Baba Yohanna, mutumin Kudancin Kaduna, wanda suka tsufa tare da Kawu a bakin gangunan jima. Kullum lokacin cin abinci suna bayan kamfani, a gefen kwatar da ruwanta yau baƙi ne gobe ja, suna musu a kan kogin da aka sa Annabi Musa yana jariri. Yohanna ya ce a kwando aka sa shi, Kawu ya ce a akwati. Da Yohanna ya ji jirginmu zai yada zango a Alƙahira daga hantsi zuwa la'asar kafin mu wuce Madina, sai ya ce, "Inuwa, ka gano mana kogin nan."

"Gani kawai?" in ji Kawu. "Kawo maka shi zan yi."

Muna sauka aka kwashe mu a bas zuwa otal, wai mu huta. Kawu ya leƙa ɗakin, ya dubi gadon.

"Na baro gado a Zawaciki, in zo Masar in kwanta? Ɗauko butata."

"Kawu, in jirgi ya tashi ba mu fa?"

"Ai ya ga mun sauka, ya san muna nan."

Mai tasin da muka samu wani tsoho ne mai gashin baki. Ya zaro hoton dalar Fir'auna yana nuna mana yana murna. Kawu ya duba ya taɓe baki. "Dala ce? Na ga ta gyaɗa a Kano, ita har ci ake yi. KOGI! RUWA!" Ya yi alamar sha da hannu. Direba ya miƙo masa gorar ruwa. Da ƙyar na tuno sunan kogin na faɗa, sannan muka kama hanya.

Wallahi na ɗauka na san cunkoso, tun da ina bi ta Dakata lokacin da tireloli suka toshe hanya. Ashe wasa muke. Mota a kan gada, mota a ƙarƙashin gada, ham ta ko'ina ba ta yankewa. Benaye launin ƙasa sun hau kan juna, kowane da shanya a taga. Wani a kan keke ɗauke da faifan gurasa a ka, yana ratsa motoci kamar a mafarki. Hasumiyoyin masallatai suna fitowa cikin hayaƙi suna ɓacewa. Kawu kuwa yana gaba, sun ɓarke da hira da direba, shi da Hausa, direba da Larabci, har da tafawa. Na ce, "Me yake cewa, Kawu?" Ya ce, "Ciwon gwiwa ke damunsa, kamar ni."

Sai kawai benayen suka buɗe, ga kogi.

A ranar na fara ganin Kawu ya yi shiru. Ya sauka, ya kama ƙarfen gefen hanya. Ruwa shimfiɗe, faɗinsa ya wuce yadda muke kwatantawa, rana tana wasa a kansa. Kwale-kwale masu farin ƙyalle suna tafiya a hankali, kamar babu mai jiransu. Hayaniyar garin ta koma can nesa. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Habibu, ka ga ruwan da ba a rina ba."

Na bar shi. Na sake barinsa. Da na duba waya, na ga la'asar ta kawo jiki.

"Kawu, ku taho, lokaci ya tafi!"

"Uwar Annabi Musan nan," ya ce bai ko waiwayo ba, "ta yaya ta iya sakin ɗanta a wannan ruwan ta koma gida?"

Sai da ya ga dama ya gangara matakala, ya miƙa wa wani mai kwale-kwale buta ya ciko masa. Sannan ya tambaye shi, "KWANDO NE KO AKWATI?" Mutumin ya yi murmushi ya ce wani abu. Kawu ya gyaɗa kai, ya gamsu.

Komawarmu ba na son tunawa. Na yi salati, na yi istigfari, na tsara abin da zan faɗa wa 'yarsa. Muka iso ana ta kiran sunanmu a lasifika. A wajen bincike jami'i ya ɗaga butar ya girgiza kai: ruwa ba ya shiga jirgi. Kawu ya yi masa bayani da iya ƙarfinsa, har da sunan Yohanna. Ina! A karon farko an samu wanda Hausa ta ƙi shiga. Na ce, "Kawu, ku bar masa, don girman Allah!"

Sai ya cire hularsa, ya kife ta a kan kwandon shara, ya tuttule mata ruwan tas, ya mayar kansa. Ya miƙa wa jami'in buta wayam. "DUBA!" Jami'in ya duba buta, ya duba hula, ya rufe baki da hannu ya ba mu hanya. Mu ne na ƙarshen shiga, Kogin Nilu yana ɗiga ta bayan kunnen Kawu.

Da muka dawo Kano ya je har gida ya damƙa wa Baba Yohanna hular.

"Inuwa, ina kogin?"

"Yana ciki. Ya ɗan bushe a hanya ne."

Yohanna ya shinshina, ya juya ta, ya ɗora a kansa. "To, kwando ne ko akwati?"

"Na tambayi mutumin wajen da bakina."

"Ya ce me?"

"Ya ce in sha Allahu."

Suka yi dariya har Yohanna ya share hawaye, suka ci gaba da musunsu daga inda suka tsaya.

A ciwonsa na ƙarshe ina zaune kusa da shi, idonsa a rufe, na ɗauka barci yake. Sai ya ce, "Habibu, ban fa gama kallon ruwan nan ba." Na ce na sani, Kawu.

Allah ya jiƙan Kawu Inuwa, ya yafe masa kurakuransa. Allah ya zaunar da shi a bakin ƙoramun Aljanna, inda babu mai cewa ya taso lokaci ya tafi. Amin.