Shekarar da aka rufe wa tuffar Trifan hanya

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙauyenmu na arewacin Moldova ya san Mosh Trifan Bulgac (Mosh dai shi ne yadda muke kiran tsoho don girmamawa), dattijon nan da ke tare mutum a hanya ya cusa masa tuffa a aljihu, ko ana so ko ba a so.

A gonar gwamnati ya buɗi ido. Da aka wargaza ta aka raba wa ma'aikata, rabonsa ya faɗo kan wani gangare mai tsofaffin bishiyoyi. Tuffarsu ƙanana ce, koriya, ga tsami, ga kaurin fata. Mu nan ba ma rububinta. Amma can gabas, inda hunturu ke cinye rabin shekara, ita ake nema, domin tana jure doguwar tafiya a tirela, kuma sai ta kwana biyu a ajiye take yin zaƙi. Da ita ya yi rufin gida, da ita ya aurar da 'yarsa Zinaida, da ita ya yi jana'izar matarsa.

Ajiyar ma sana'a ce. A rumbun ƙarƙashin ƙasa yake jera ta kan karan alkama, ba ya barin wata ta taɓa wata. Kullum sai ya sauka ya jujjuya su, ya tsame wadda ta fara laushi kafin ta shafa wa 'yan uwanta.

Sai shekarar da manyanmu suka sa hannu a yarjejeniyar ciniki da ƙasashen yamma. Talabijin ya cika mu da daɗin baki, wai doka ɗaya za ta hau kan babba da ƙarami, ciniki zai gyara duniya. Ba a gama tafi ba ƙasar gabas mai sayen tuffarmu ta garƙame iyakarta, wai ta gano tsutsa a 'ya'yan itacenmu. Shekara da shekaru ba wanda ya ga tsutsar nan, sai da aka sa hannu ta leƙo. Fushi ne na manya, kuma a kan Trifan ya sauka.

Dillalin yamma ya zo da zoben ƙarfe. Duk tuffar da ta zurma ta cikin zoben, ba ya saye. Na Trifan kaf suka zurma.

"Ja suke so, Mosh, kuma manya," in ji dillalin. "Tuge waɗannan ka dasa sabon iri."

"Yaushe sabon zai haihu?"

"Ka ba shi 'yan shekaru."

"To ni wa zai ba ni su?"

Maƙwabcinsa Haralamb, wanda ya riƙe Zinaida ranar baftisma a coci, abin da ya sa suke kiran juna kumatre, shi ya zo da magana mai sanyi. "Kwantar da hankalinka, kumatre. Na ji a rediyo akwai inda ake shari'ar ciniki a Geneva. Komai girman ƙasa, in ta yi zalunci sai an taka mata birki."

"Kai da rediyonka. Ranar da matarka ta haihu ma sai da ka jira ya sanar da kai."

Ya yi masa tsiya, amma ya yarda, domin ba shi da abin kamawa sai wannan. Ya cika rumbu har baki, ya ce zai riƙe tuffar har a yanke hukunci. Hunturu ya same shi yana sauka yana hawa, kwando a kafaɗa, gwiwoyi na ƙara. Masu matse ruwan 'ya'yan itace suka ce sun ƙoshi. Aladun Haralamb suka ci har suka fara kau da kai. Saura kuwa kwarin bayan gari yake kaiwa ya juye.

Zinaida ta bugo waya daga Italiya, inda take jinyar wata tsohuwa. "Baba, ka bar su haka nan, ka taho wurina."

"In na taho wa zai juya su?"

Da ƙanƙara ta narke, rumbun ya zama wayam, sai wari. Labarin da Haralamb ya kawo shi ne wai za a zauna a tattauna yadda za a zauna. Wannan karon Trifan ko tsiyar bai iya yi masa ba.

Bishiyoyi kuwa ba sa jin rediyo. Suka yi fure irin wanda ba a taɓa gani ba, gangaren ya yi fari fat. Wata yamma iska ta juyo da sanyi mai shiga ƙashi, irin wanda ke ƙone fure kafin gari ya waye. Kowa ya bazama lambunsa yana tara ɗanyar ciyawa da taki, a kunna hayaƙi ya lulluɓe bishiyoyi ya kare furen daga sanyin. Trifan ma ya tara, hannunsa ya saba.

"Kunna mana, kumatre, me kake jira?" Haralamb ya ce ta kan shinge.

Trifan ya tsaya da ashana a hannu yana kallon furen. Tsoro ne ya kama shi. In furen nan ya tsira, amfanin bana sai ya ninka na bara, kuma shi ɗin ne dai zai sake kwasarsa a kafaɗa zuwa kwari. Ya mayar da ashanar aljihu ya nufi gida, yana roƙon Allah a ransa sanyin ya yi ƙarfi.