Ƙanena Bai Taɓa Kayar Da Ni Ba

A yashin gulbi, bayan gonarmu ta gero a Maradun, na koyi kokawa, kuma da ƙanena na koye ta. Shi ke bi mini, amma ya fi ni faɗin kafaɗa. Kullum muka tashi daga noma sai mu tuɓe riguna mu sarƙe har a kira magariba.

Ina da wani kamu da nake ji da shi. In tura mutum baya, da ya turo ni in harɗe masa ƙafar dama in murɗa. Shekara da shekaru ina maimaita shi a kan ƙanen nan nawa, har ƙafata ta saba, ba sai na yi tunani ba. Kullum kuwa sai ya faɗi. Ya tashi yana kakkaɓe yashi yana yaba mini, ni kuma kaina na ta kumbura. Ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi ƙato kamarsa ya kasa koyon kauce wa abu guda ba.

Wata kaka aka buga gangar kokawa a Bakura. Na kwashi abokai, har da ƙanena, muka tafi, bayan na cika kasuwa da baki cewa ba mai tsaya mini. Aka haɗa ni da wani siririn mutumin Talata Mafara, mai noman albasa a Bakolori. Na tura shi, ya turo ni, na kai ƙafa. Ɗage tasa kawai ya yi, kamar mai tsallake kwata. Ba ni da wata dabara bayan wannan, don ban taɓa buƙatar ta ba. Makaɗi bai gama yi mini kirari ba bayana ya taɓa ƙasa.

Dariyar da aka yi mini ce ta tunzura ƙanena. Ya faɗa fage ya nemi mutumin. Ina zaune da yashi a baki na ga yana zille-zille da sauya kamu irin wanda ban taɓa gani a wurinsa ba, har ya ɗaga mai albasar nan ya maka da ƙasa. Abokaina suka yi ta ihu. Wallahi wannan ya fi mini kayen zafi.

A hanyar gida na tsare shi, na ce ya gaya mini tun yaushe yake faɗuwa da gangan. Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, kai na gaba gare ni. In na kada kai, mi za a ce da ni gida?"

Na ce to ladabinsa ya kashe ni, ya bar ni na je gaban jama'a da dabara ɗaya tak. Washegari na ja shi gulbi, na ce ya kama ni da gaske ko sau ɗaya, in san matsayina. Ya ce to. Muka sarƙe, na kai ƙafa, na ji sarai lokacin da ya saki jikinsa tun kafin in murɗa.

Ban ƙara tuɓe riga ba. Har yau sai ya durƙusa yake gaishe ni, mutane suna cewa Allah Ya ba ni ƙane na gari. Ni kuwa na tsufa ban san ko na taɓa iya kokawa ba, kuma wanda ya sani ba zai gaya mini ba.