Ba Ajimi da Kalmar Kurban

Kullum da sassafe Ba Ajimi yake fitowa daga unguwar Mairi a kan kekensa zuwa asibiti. Ma'aikacin jinya ne, a Bulgariya ya yi karatu tun yana saurayi. Watan nan yake ajiye aiki.

Shekarar da aka kawo mana wani likitan fiɗa ɗan Bulgariya, shi aka sa ya riƙa yi masa tafinta. Wata ranar Laraba aka shigo da Muhsinat, 'yar Mikail mai kifi a Baga Road, hanjinta ya fashe. Likitan ya fito zai wanke hannu, ya nuna yarinyar, ya ce wa Ba Ajimi wani abu da yarensu. Kalma ɗaya Mikail ya tsinta: kurban. Ya yi karatun Larabci, ya san ana nufin abin yanka.

"'Yata za su yanka!" ya kwarma ihu.

Nan take 'yan uwansa suka cika baranda, wani har ya ɗauko bulo. Likita yana ciki, an riga an sa wa yarinya maganin barci.

Nkolika, mai sayar da abinci a bakin ƙofa, ta ce ba ta taɓa ganin tsoho ya tsaya haka ba. Ba Ajimi ya tare ƙofar ɗakin fiɗa da ƙirjinsa.

"Mikail, ɗana, ka ji daidai, kalmar Larabawa ce. Turkawa suka kai ta ƙasar su likitan nan. Rashawa ma da ita suke kiran Babbar Sallah, Kurban Bairam. A Bulgariya har Kirista, in Allah ya tsirar da wani, rago yake yankawa ya raba. Alkawarin rago likita ya ɗauka in 'yarka ta tashi."

"In ƙarya ne fa, Baba?"

"Ga ni nan. Ku fara da ni."

Bai gusa ba har aka gama aikin. Da mako ya zagayo Muhsinat ta zauna ta sha kunu. Likitan ya sayi ragon, Mikail ne ya yanka da hannunsa.

Ba Ajimi, kai ne katangar da ta tsaya ranar nan, ba ka da komai a hannu sai abin da ka sani. Mun gode. Allah ya ba ka hutu cikin lafiya. Ku kuma matasanmu da ke dawowa da harsunan waje, ranar da tsoro ya taru a bakin ƙofa, ku fito ku yi bayani.