Huɗar Sada ta Ƙarshe

A shekarar 1984, lokacin da fari ya ƙone amfanin gona, Sada mutumin Gozaki ya fara haɗuwa da Olawale, wanda ake kira Baba Tosin, Bayeraben da ya kafa injin niƙa a Malumfashi. Sada ya sauke 'yar dawarsa, Olawale ya leƙa buhun ya ce, "Malam, wannan ko kaza ba za ta ƙoshi ba." Daga wannan tsiyar abota ta ƙullu.

Sada mai garmar shanu ne. Idan ya ja kunya, sai ka ce da igiya aka auna ta. Kuma a wurinsa, ranar da ya yanka wa mai gona ta huɗa ba ta tashi, domin damina ba ta jiran kowa.

A daminar 2022 ciwon ciki ya sa shi gaba. Yakan murɗe shi har ya durƙusa, can kuma ya sake shi. Matarsa Ummukulsum ta jiƙa kanwa, ta dafa sabara. Shi kuwa sai ya yi abin da ya ga iyayensa suna yi: ya tamke cikin da rawani, ya kama garma. Gonakin mutane na jiransa.

Ranar kasuwa Olawale ya gan shi ya rame, yana ta amai.

"Malam Sada, tashi mu je asibiti."

"Baba Tosin, kai da kake tsoron shanu, me ka sani game da huɗa? Bari in gama ta mutanen Kafur."

"Su mutanen Kafur ɗin ne za su riƙe maka Ummukulsum?"

Bai je ba sai da cikin ya kumbura, bayan gida ya tsaya. Olawale ya rufe injinsa, ya bar 'yar gonar da yake nomawa a bayan gari, ya bi shi har babban asibiti a Zariya.

Likita ya yi musu bayani a hankali. Wani sashen hanji ne ya shige cikin na gabansa, kamar hannun riga idan an tuɓe ta da gaggawa. Ga yara, akan iya mayar da shi ba tare da wuƙa ba. Ga babba kuwa, galibi wani ƙari ne a ciki yake jan hanjin, don haka sai an yanke wurin an haɗa sauran. Aka yi aikin, aka cire abin da ya ruɓe. Amma ƙarin na ciwon daji ne, kuma ya riga ya kai hanta.

Olawale bai motsa daga gefen gadon ba har aka sallame su, lokacin shukar masara ya wuce. Da Sada ya tambaye shi gona, sai ya ce, "Bana ciyawa na shuka, ba ta son taki."

Sada bai yi dariya ba.

Ya rasu ana yankan dawa. Bayan sadakar bakwai, Ummukulsum ta ce da Olawale daga bayan labule, "Baba Tosin, ka leƙa gonarka kuwa?"

"Me zan gani a ciki?"

"Ka dai je."

Ya je. Wake ne ya rufe ta daga wannan iyaka zuwa waccan, har ya fara bushewa. Maƙwabcin gona ya ce da shi, a watan Agusta aka kawo Sada kwance a amalanke, ƙanensa Murtala yana korar shanu. Kunyar farko shi ya ja da kansa, dafe da ɗinkin cikinsa, sannan ya zauna a gindin ɗorawa yana nuna wa Murtala inda ya karkace. Kuma ya roƙi kada kowa ya faɗa.

Olawale ya nemo kunyar nan ta farko. Ita kaɗai ce ba ta miƙe ba. Ya zauna a bakinta, ya cire hularsa.