Allurar Baƙin Mai

Mahaifina ya yi shekaru yana ɗauko zogale daga gonakin rani na Jiratawa zuwa kasuwar Maraɗi, a cikin wata tsohuwar a-kori-kura wadda ta girme ni. Da ganinsa ya fara raguwa sai ya daina tuƙi, amma bai yarda a sayar da motar ba. Ni a lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, da ke Sabon Gari, kuma ina da permi, wato lasin tuƙi, don haka tuƙin ranar Asabar da Lahadi ya dawo kaina. Shi kuwa sai ya zauna a gefena, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa.

A gaban direba akwai wani ɗan agogo mai allura, wanda ke nuna ƙarfin da baƙin mai yake zagayawa da shi a cikin inji. Motocin yanzu fitila kawai gare su. Mahaifina ba ya iya ganin allurar kuma, sai dai ya tambaye ni.

"Mushe, tana ina?" Haka yake kirana, wato malam, tun da na fara koyarwa.

"Tana kan huɗu, Baba."

"Da sauran sanyi a jikinta. Kada ka taka tukun."

A hankali na haddace abin da yake son in sani. Da safe, mai yana da kauri, allura kan hau huɗu ko ta ɗan wuce. In mun yi nisa inji ya yi zafi, sai ta sauko ta zauna tsakanin biyu da rabi da uku. In muka tsaya inji na aiki a hankali, takan faɗo kusa da ɗaya. Ranar farko da na ga ta faɗo haka gabana ya faɗi, na ce masa motar ta lalace. Ya yi dariya ya ce tsohon inji ya gaji haka, muddin ta tashi in an taka, ba komai.

"Abin tsoro guda ne," in ji shi. "Kana tahiya bisa kwalta, ka ga ta sauko ta ƙi tashi. To kashe inji nan take, ko gidanku kake hange."

Wata Asabar cikin watan zafi mahaifina ya tashi da mura, na tafi ni kaɗai. A Jiratawa na yi lodin buhunan ɗanyen zogale na wasu mata uku da suka daɗe suna hulɗa da shi. Babbarsu, wata dattijuwa mai faɗa da muke ce wa Inna, ta shiga gaba, biyun suka hau baya. Mun yi kamar rabin hanya sai na ga allura ta bar uku. Ta sauko biyu, ta ci gaba da saukowa. Na ƙara wuta, ba ta motsa ba. Inji kuwa lafiya lau yake ƙara, ba hayaƙi, ba wani baƙon sauti.

Na gangara gefen hanya, gindin wata bishiyar bedi, na kashe.

"Lahiya?" in ji Inna.

"Mai ne ba ya zagayawa yadda ya kamata."

"Mota tana tahiya, kai ka tsai da ita da hannunka? Ɗana, ganyen nan ba ya jiran rana. Ka lallaɓa mu kai, ga gari can."

Gaskiyarta, ana hango rufin gidajen Maraɗi daga inda muke. Na zaro sandar awon mai, na goge, na mayar, na sake zarowa. Mai cike yake. Wannan ya ƙara rikita ni, har na fara tunanin ko agogon ne ya lalace, na tsayar da mutane a banza. Hannuna ya kai kan makulli sau biyu. Daga baya na kira mahaifina a waya na gaya masa.

"Nawa ta nuna kana gudu?" ya tambaya.

"Ƙasa da ɗaya."

"Ka kashe?"

"Na kashe."

"Madalla. Ba ni Hajiya."

Na miƙa wa Inna wayar, ban ji abin da ya ce mata ba. Ta dai miƙo mini wayar tana gunaguni, ta sauka. Muka tare ƴan kabu-kabu, matan biyu suka wuce kasuwa da buhunan da babura za su iya ɗauka. Sauran kuwa Inna ta zazzage a kan tabarma a inuwar bedin, ta baza, ta ce tunda ya yi laushi busasshe za ta sayar. Ba ta sake yi mini magana ba har wani kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ya ja mu.

Mai garajin da muka kai wa motar abokin mahaifina ne tun suna samari, Kawu nake ce masa. Bai yarda da agogon motar ba sai da ya ɗaura nasa a jikin inji ya tayar na ɗan lokaci. Nasa ma abin da ya nuna ke nan. Ya kwance kaskon mai na ƙasan inji, ya fito da wata ƴar rariya da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Ta toshe da baƙar dauɗa mai kauri kamar kwalta, sai wani ɗan gefe kaɗai ya rage a buɗe.

"Yaushe ka yi bidanji?" ya ce.

Canjin mai yake nufi. Tun da na karɓi motar ban canza mai ba, ƙari kawai nake yi in ya ragu.

"Da ka ƙarasa gari da ita, da yanzu ƙarfe muke aunawa a kilo," in ji Kawu. Ya duba ƙarafan da ke juyawa a ƙasan injin ɗaya bayan ɗaya, yana shafa su da yatsa. "Ba su ci juna ba. Wanga inji zai ƙara shekaru, in ka kula da shi."

Na koma gida ina jiran faɗa. Mahaifina ya saurare ni har na gama, sannan ya ce laifin bidanjin nasa ne, shi ya kamata ya tuna mini. Ban taɓa jin ya ɗauki laifi a gabana ba sai ranar. Ya ce in riƙe makullin a wurina daga yau, in daina rataye shi a ɗakinsa.

Kwana uku aka yi ana wanke injin. Da motar ta fito, mahaifina ya ce mu je Tsibiri mu gaida ƙanwarsa, mu gwada motar. Muna fita daga gari ya tambayi inda allura take, na ce uku cif. Ya gyaɗa kai, ya jingina, bai ƙara tambaya ba har muka isa. A tsakar gidan Gwaggo na ji yana gaya mata cewa bana ba sai ta nemi amalanke ba, Mushe zai zo ya kwashe mata damman gero in an yi girbi.

Asabar da ta biyo na sami Inna a bakin gonarta da buhu shida. Ta shiga gaba, ta gyara mayafi, ta leƙa agogon da kyau duk da ba ta iya karatu ba, ta ce in nuna mata inda ya kamata allurar ta tsaya.