Yadin Da Yaya Saratu Take Ɓoyewa Cikin Ɗinki

Bana shekara takwas ke nan da muka kai Yaya Saratu makwancinta. Ni ƙanwarta na gaji keken ɗinkinta a Jikwoyi, amma ko rabin hannunta ban gada ba, balle zuciyarta.

Yaya tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni haushi. In za ta ɗinka wa yarinya kayan makaranta, sai ta naɗe yadi mai yawa ta ciki, a gefe da ƙasa. Na ce mata wannan ai ɓarna ce. Ta harare ni ta ce, "Ke dai ba ki da lura. Ranar da riga ta matse yarinya a ƙirji, 'yan aji suka yi dariya, ranar ta gama boko." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don ita ma abin da ya fitar da ita daga aji ke nan. Duk ƙarshen zango yaran unguwa kan yi layi a ƙofar shago, tana farkewa tana saki, ba ta karɓar ko sisi.

Da za ta leƙo yau, ban san me zan ce mata ba. Makarantun da ke kusa da mu su ke sayar da kayansu yanzu, ɗinkin kamfani cif-cif da jiki, ba abin da za a saki.

Watan jiya Zainabu, 'yar mai turin ruwan layinmu, ta shigo da rigar da ta gada wurin yayyenta biyu. Daga ganin zaren na san aikin Yaya ne. "Anti, a ɗan ƙara mini, jarrabawa ta kusa," ta ce, hannunta rungume da ƙirji. Na farke gefe, na farke ƙasa. Babu saura, an riga an saki duka. Na yi mata ƙari da wani ƙyalle, malamai suka koro ta, wai launin bai dace ba.

Mutane na cewa alherin Yaya bai mutu ba. Allah ya sa haka ne, amma ni abin da na gani shi ne ya kai yara uku a riga ɗaya, sannan ya ƙare a hannuna.

Shekaranjiya ina cikin mota na hango Zainabu a bakin titi da tiren lemo, a lokacin da sa'o'inta ke aji. Ta ɗago hannu za ta gaishe ni. Wallahi sunkuyar da kai na yi har muka wuce.